Tsoron da Ake Reno: Tunanin Jama'a a Bayan Siyasar Isra'ila

A majalisun Dutse, daga Garu har Takur, idan aka ɗauko zancen Gaza, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce "ai halinsu ne". Ƙunar zuciyar da ta haifi wannan amsa tana da dalili, amma amsar ba ta warware wa mai nazari komai ba. Babu al'ummar da ake haifa da zalunci a cikin jini. Abin da ke tuƙa siyasar Isra'ila a kan Falasɗinawa tsoro ne da aka gada, hukumomi suka yi renonsa, 'yan siyasa kuma suka mayar da shi jari.

Tushen tsoron gaskiya ne, kuma wanda ya musa shi ya ɓata hujjarsa da kansa. Gwamnatin Nazi ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan ƙarnoni na kora da tsangwama. Shekara 3 kacal da ƙarewar yaƙin, a 1948, aka kafa Isra'ila, kuma a yaƙin kafuwarta Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu. Masifa biyu ke nan suka haɗu a ƙasa guda, amma ɗaya ce kawai ta samu gwamnati da soja da makarantu da za su riƙa maimaita labarinta.

Daniel Bar-Tal, masanin halayyar jama'a na Jami'ar Tel Abib, ya daɗe yana nazarin yadda al'ummar da ta jima cikin rikici take ganin kanta a kewaye da maƙiya, ta ɗauka cewa ita kaɗai ce abar zalunta. Irin wannan tunani ba shi kaɗai yake tsirowa ba. An kafa cibiyar tunawa ta Yad Vashem a 1953. Shari'ar jami'in Nazi Adolf Eichmann a Ƙudus a 1961 ta shigar da shaidar waɗanda suka tsira cikin kowane gida ta rediyo. Ana kai ɗaliban sakandare ziyara sansanonin mutuwa a Polan, kafin a ɗauke su aikin soja na dole suna da shekara 18. Tunawa da matattu haƙƙi ne. Matsalar ita ce darasin da aka ɗora a kai: cewa kowane abokin gaba Hitila ne ya dawo. A 1982 Firayim Ministan Isra'ila Menachem Begin ya kwatanta jagoran Falasɗinawa Yasir Arafat da ke kewaye a Beirut da Hitila a maɓoyarsa ta Balin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To, a nan wanda aka sara ɗin ne ke riƙe da jiragen yaƙi.

Sai dai tsoro kaɗai bai isa bayani ba. Tun 1923, kafin Nazi su hau mulki, Ze'ev Jabotinsky, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ya rubuta cewa Larabawan Falasɗinu ba za su yarda a karɓe ƙasarsu da lalama ba, don haka sai da ƙarfi. Bayan mamayar 1967, matsugunan Yahudawa a Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus sun yi ta faɗaɗa har mazaunansu suka kai kimanin 700,000. Mai tsoro zalla ba ya kai iyalinsa tsakiyar waɗanda yake tsoro. Kwaɗayin ƙasa da aƙidar addini suna tafiya ne a inuwar tsoron, shi kuma yana rufe bakin mai tambaya. Dokar 2011 da ta ba da damar rage kuɗin hukuma ga cibiyar da ta yi juyayin Nakba, wato masifar da ta afka wa Falasɗinawa a 1948, ta nuna cewa mantawa da ciwon wani ma tsara ta ake yi.

Tashin hankali kuwa yana ciyar da wannan tunani. Hare-haren Intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa daga shekarar 2000, sun karya lagon masu neman sulhu a Isra'ila. Kisan mutum kimanin 1,200 a Isra'ila a ranar 7 ga Oktoba, 2023, ya farfaɗo da tsohon miki, aka amsa da yaƙin da ya kashe dubun dubatar mutanen Gaza, da yawansu mata da yara.

Hujja mafi ƙarfi cewa ba jini ba ne ita ce Yahudawan da suka ƙi wannan hanya. Yehuda Elkana, wanda ya tsira daga sansanin mutuwa na Auschwitz yana yaro, ya gargaɗi ƙasarsa a jaridar Haaretz a 1988 kan illar gina siyasa a kan tsoron jiya. Ƙungiyar B'Tselem ta Isra'ila tana tattara bayanan take haƙƙin Falasɗinawa tun 1989. Shi kuwa Firayim Minista Yitzhak Rabin, wanda ya rungumi yarjejeniyar Oslo, ɗan ƙasarsa ne ya harbe shi a 1995.

Fahimtar ciwon mutum ba ta wanke laifinsa. A watan Yulin 2024 Kotun Duniya ta bayyana ci gaba da mamayar a matsayin haramtacciya. Malaman tarihi da na kimiyyar siyasa a Jami'ar Tarayya ta Dutse su koyar da wannan rikici da hujja, su raba ɗalibai da ƙin jinin wata al'umma, su kuma nuna musu ƙarara cewa Falasɗinawa ba su da hannu a kisan da aka yi a Turai, bai kamata su ne za su biya diyyarsa da ƙasarsu ba.