Ma'anar kalmomin knowledge da pledge da danginsu

Akwai kalmomin Turanci guda uku da ake yawan cin karo da su a takardun banki da na kotu da na cinikin gidaje a birnin Kano, watau knowledge da acknowledge da kuma pledge.

Ƙarshensu iri ɗaya ne a rubuce, amma ma'anarsu ta sha bamban, kuma rashin rarrabe su kan sa mutum ya sa hannu a kan abin da zai raba shi da dukiyarsa.

Knowledge

Wannan kalma ta fito ne daga know, watau sani. Hausa tana da kalmomi biyu a nan: ilimi, wanda aka aro daga Larabci, kamar abin da ɗalibai ke ɗauka a zaurukan malamai na unguwar Madabo, da kuma sani, wanda ya ƙunshi duk abin da mutum ya gani ko ya ji. Turanci ya haɗa su duka a kalma guda.

A takardar rantsuwa ta kotu akan rubuta to the best of my knowledge, ma'ana iyakar sanina. Wanda ya rubuta haka alhali ya san ƙarya ne, doka na iya hukunta shi.

Acknowledge

Ma'anarta ita ce mutum ya amsa cewa abu ya faru, ko kuwa gaskiya ne. Idan ɗan kasuwa a Kurmi ya sa hannu a takardar da ke ɗauke da ita game da kaya, ya shaida ke nan cewa kayan sun iso hannunsa. Idan kuwa game da bashi ne, to ya yi abin da malaman fiƙihu ke kira iƙirari, kuma ana iya kafa hujja da takardar a gaban alƙali.

Pledge

Wannan ba ta da dangantaka da sani. Ta shiga Turanci ne daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14, inda take nufin wanda ya tsaya wa wani.

Ma'anarta ta farko alkawari ce mai nauyi, kamar na gudummawa a wurin kafa gidauniya, ko kuma mubaya'a ga shugaba. Da wannan ma'ana ake kiran alkawarin biyayya ga Najeriya da 'yan makaranta ke karantawa, wanda Felicia Adebola Adedoyin ta rubuta a 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo.

Ma'ana ta biyu ita ce jingina: mutum ya miƙa kadara, kamar gwal ko keken ɗinki, ga mai ba shi rance, har sai ya biya. Kadarar tana nan mallakarsa, amma tana hannun mai bin bashi, wanda ke da damar neman a sayar da ita idan wa'adi ya wuce. A mazhabar Malikiyya ma, jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi kayan a hannunsa.

Mortgage

Ita ma daga tsohon Faransanci take, kuma asalin ma'anarta matacciyar jingina, domin yarjejeniyar tana mutuwa idan an biya bashin ko an rasa kadarar. Bambancinta da pledge shi ne, mai gida yakan ci gaba da zama a gidansa, takardun ne ke hannun banki. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta tanadi cewa wanda gwamna ya ba shi izinin mallakar fili ba zai jinginar da shi ba sai da amincewar gwamnan.

Oath da vow

Oath rantsuwa ce da ake kafa Allah shaida a cikinta. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, Lugard ya naɗa Muhammadu Abbas a matsayin sarki, kuma sarakunan da Turawa suka naɗa sun riƙa yin rantsuwar biyayya da Alƙur'ani. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi rantsuwa iri biyu ga gwamna, ta biyayya ga ƙasa da ta kama aiki.

Vow kuwa ta fi kusa da bakance ko alwashi, watau abin da mutum ya ɗora wa kansa.

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. A takardar rance kuwa, pledge na iya zama kayan ne da kansu, don haka ya kamata mai sa hannu ya fara tantance ko alkawari ake nufi ko jingina.