M. G. Smith da Tarihin Sarautar Zazzau

Duk ɗalibin da ya nemi sanin tsarin sarauta a ƙasar Hausa, da wuya bai ci karo da sunan Michael Garfield Smith ba. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1921. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya shiga Jami'ar Landan, inda ya karanta ilmin al'adu da zamantakewar ɗan'adam a hannun Farfesa Daryll Forde.

A 1949 ya sauka a lardin Zazzau tare da matarsa Mary. Ya zauna da masu sarauta da manoma da 'yan kasuwa, yana tambaya yana rubutawa. Daga wannan bincike ya fitar da *Government in Zazzau* a 1960. A ciki ya kwatanta mulkin Haɓe da ya koma Abuja, wato Suleja ta yau, da na Zariya bayan jihadi, ya kuma bayyana yadda gadon sarauta ke zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Amma akwai inda ƙafarsa ba ta iya takawa, domin namiji baƙo ba ya wuce zaure a gidan kulle. Mary ce ta shiga cikin gida, ta rubuta labarin wata tsohuwa daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan *Baba of Karo*. Daga baya Smith ya koyar a Kalifoniya da Landan da Yale, ya wallafa *The Affairs of Daura* a 1978. Ya rasu a 1993, littafinsa na Kano bai fito ba sai 1997.

Aikin nasa bai tsira daga suka ba. Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya ƙi yarda da kasa tarihinmu gida biyu, Haɓe da Fulani, kamar ƙabila ce kaɗai ke juya al'amura, alhali akwai addini da sana'a da garin zama.

To, ga abin lura gare mu ɗalibai. Dattawan da Smith ya yi hira da su sun ƙaura, abin da suka faɗa da Hausa kuwa yawancinsa da Turanci ya iso gare mu. Wajibi ne mu karanta shi da idon basira, sannan mu je ga dattawan da suka rage mana, mu rubuta nasu da harshen da suka faɗe shi.