Alhakin Bakin Kogi: Ambaliyar Komadugu, Hanyar Barwa da Kasafin Ƙaramar Hukuma

Duk wanda ya yi kaka biyu ko uku a ƙasar Manga ya san cewa ruwan da ke cin gonaki da gidaje a bakin Komadugu ba ruwan saman Diffa ba ne, domin sau da yawa sai damina ta ɗauke, gari ya washe, tattasai na tsaye a gonaki, sa'an nan kogin ke cika ya tumbatsa. Baƙo ne da ya taso daga nesa, daga tsaunukan Jos da Bauchi ta kogin Jama'are, da kuma ƙasar Kano ta kogin Haɗeja, inda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ke riƙe shi ko su sake shi. Ya ratsa fadamun Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya shafe makonni yana tafe kafin ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Bosso. Baƙon da ya aiko da sallama tun yana nesa haka, ba ya halatta ga mai gida ya ce an yi masa ba-zata, amma ga shi duk shekarar da ya iso da ƙarfi sai mu ji ana maganar taimakon gaggawa, kamar dai ba a taɓa ganin irinsa ba.

An gani, kuma ba sau ɗaya ba. A watan Oktoba na 2019 ambaliyar ta raba mutane wajen 23,000 da gidajensu a jihar Diffa, ta kuma maimaita ɓarna a ƙarshen 2022. Na taɓa tsayawa da almuru a bakin wata unguwa ta gefen kogi ina kallon samari sun yi layi, wannan na riƙe bakin buhu, wancan na zuba rairayi da shebur, wani dattijo kuma ya kafa kara a bakin ruwa ya ɗaure masa tsumma, bayan kowace salla ya dawo ya duba ko ruwa ya kai tsumman. Buhunan nasu na shinkafa ne da na taki da aka tattaro gida-gida. Ban ga ragwanci ba a wurin nan, ban kuma ga ƙarancin tawakkali ba. Abin da na gani shi ne jama'a sun ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin wuyansu.

To, a wuyan wa ya kamata nauyin ya kasance? Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, aka kuma tattara dokokinsu cikin kundin 2010, an ɗora wa magajin gari da 'yan majalisarsa kula da hanyoyin cikin gari da na karkara, da magudanan ruwa, da kasuwanni. A takarda wannan maslaha ce, gama wanda ke kwana kusa da rami ya fi kowa sanin zurfinsa. Sai dai in mutum ya duba inda kuɗin ƙaramar hukuma ke fitowa, zai tarar lanho ne da ake karɓa ta hannun hakimai da masu gari, da tikitin kasuwa, da na tasha, da na karar dabbobi, sai ɗan abin da gwamnati ke turowa ta hukumar ANFICT da aka kafa a 2008. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi tana buɗewa ne idan mutane na zaune a garuruwansu, kasuwa na ci, mota na shiga tana fita. Ke nan ranar da ruwa ya yanke hanya ya kwashe amfanin gona, a ranar ce buƙata ke ninkuwa, a ranar ce kuma asusu ke bushewa. Mai karɓar tikiti ba ya da wanda zai yankar wa, mai gari kuwa kunya ba ta barinsa ya nemi lanho wurin mutumin da ke kwana ƙarƙashin leda.

A ƙasar Diffa wannan rauni ya haɗu da wani wanda ya fi shi muni. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, aka rufe waɗansu kasuwanni, kuma ko da yake an sassauta wasu daga cikin matakan daga baya, shekarun nan sun isa su karya jijiyar kasafin kowace hukuma da ke bakin kogi. Akwai wani abu da ya faru a lokacin wanda ya kamata masu tsara kasafi su riƙa tunawa: dubban mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Komadugu da tsibiran tafki ba su tsaya ko'ina ba sai gefen kwalta, babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi Damagaram da Diffa ta nufi Ngigmi, suka kafa bukkokinsu dama da hagu, saboda sun san nan ne motar soja ke wucewa, nan ne tankar ruwa da motar abinci ke iya zuwa. Da ƙafafunsu suka yanke hukunci cewa hukuma tana ƙarewa ne inda kwalta ta ƙare.

Da wannan idon ya kamata a dubi Barwa. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Mohamed Bazoum ta mayar da mutane kusan 6,000 wannan gari na yankin Bosso, bayan shekaru shida suna gudun hijira, shi da kansa kuma ya ziyarce su a farkon Yuli. Ba a cika wata uku ba, cikin Agusta, aka kai hari garin, sojoji 16 suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Ba ni da ja a kan kyawun niyyar mayar da mutum mahaifarsa. Abin da nake cewa shi ne, komawa gida aiki ne na rana guda, zama a gida kuwa na shekaru ne, kuma abin da ke riƙe shi shi ne mara lafiya ya iya kai asibiti, buhun tattasai da kwalin banda su iya kai kasuwa ba tare da kuɗin mota ya cinye ribarsu ba, agaji ya iya isowa kafin gari ya waye. Duk waɗannan hanya ce, hanyar ƙasa da ke barin kwalta ta bi rairayi da laka, wadda ba a yi tsammanin lanhon mutanen da jiya suka sauko daga motar hijira zai iya gyara ta ba.

Malaman fiƙihu sun riga mu warware wannan mas'ala. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, a littafinsa na haraji da ya rubuta wa Haruna Rashidu, ya bambanta tsakanin ƙananan magudanai da ke kai ruwa gonakin mutane, waɗanda gyaransu ke kan masu gonakin, da kuma shingayen manyan koguna irin Dijla da Furatu, waɗanda ya ce kuɗin toshe ɓarakarsu daga baitulmali zai fito, kada a aza wa talakawa masu biyan haraji, domin amfaninsu na jama'a ne baki ɗaya. Komadugu, kogin da ya ratso jihohin wata ƙasa ya zama iyakar ƙasashe biyu, lalle yana cikin kashi na biyu. Kwalbatin unguwa da yashe magudana da cike ramin bakin kasuwa, waɗannan hakkin shugaban ƙaramar hukuma ne, kuma a tuhume shi in ya yi sakaci. Amma ganuwar bakin kogi da hanyar da za ta haɗa Tumur da Barwa da Bosso da kwalta rani da damina, nauyin babban baitulmali ne.

Ba kuwa za a ce babu inda kuɗin zai fito ba, alhali tun 2011 ake haƙo man Agadem a cikin wannan jiha, doka kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga man ga hukumomin yankin da aka haƙo shi. An ga abin da gwamnati ke iya yi in ta sa kanta, sa'ad da aka ƙawata birnin Diffa domin bikin 18 ga Disamba na 2021. Za a ce mini kuɗi in ya shiga hannun ƙananan hukumomi yakan narke cikin albashi da man mota da tafiye-tafiye, kuma ban musa ba, yana faruwa. Amma maganin wannan shi ne a ɗaure kason da sharaɗi, a liƙa lissafinsa a ƙofar ma'aikata inda kowa zai karanta, a kuma biya shi kan kari. Buƙatar bayyana lissafi ma ta ƙaru tun Afrilun 2024, da aka rushe zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa kantomomi, domin yanzu babu ɗan majalisar da mutumin Barwa zai tare a masallaci ya tambaye shi ina aka kwana.

Lokacin biyan kuwa shi ne rabin aikin. Ganuwa da rani ake gina ta, sa'ad da kogin ya janye ya bar kududdufai, babbar mota na iya kai ƙasa har bakin gaɓa. Kuɗin da ya iso a Oktoba ba ya sayen komai sai buhu da tabarma da bargo. Kamata ya yi kowace hukuma ta bakin kogi, daga Maine-Sorowa zuwa Shetimari da Geskeru da Bosso, ta kasance da layi tabbatacce a kasafinta mai sunan kogin, wanda kuɗinsa zai sauka tun Fabrairu, a kuma ɗaura yarjejeniya da masu kula da madatsun Nijeriya su riƙa aiko da labarin sakin ruwa, labarin ya bi rediyo ya kai kunnen dattijon nan mai kara da tsumma tun ruwan bai wuce Gashuwa ba.