Tarihi da Yanayin Ƙasar Garin San Jiminyano na Italiya

1.0 Gabatarwa

San Jiminyano ƙaramin gari ne da ke lardin Siyena, a yankin Tuskani na tsakiyar ƙasar Italiya. Yawan mutanensa a yau bai wuce kimanin 7,500 ba, amma sunansa ya zaga duniya saboda dogayen hasumiyoyin dutse da ake hangowa daga nesa. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda mazaunin garin ya jawo masa arziki, da yadda arzikin ya gushe, da kuma dalilin da ya sa gine-ginensa suka tsira har zuwa wannan zamani.

2.0 Yanayin Ƙasa

An kafa garin a kan wani tudu mai tsayin sama da mita 300 daga doron teku, yana kallon kwarin kogin Elsa. Birnin Fulorans yana arewa da shi, Siyena kuma tana kudu maso gabas. Ƙasar wurin ta dace da noman inabi da zaitun da za'afaran. Zama a kan tudu yana da amfani wajen tsaro, domin ana ganin abokan gaba tun kafin su iso, sai dai yana da matsalar ruwa. Don haka ne aka gina babbar matattarar ruwan sama a ƙarƙashin dandalin garin a ƙarni na 13, aka faɗaɗa ta a 1346. Har yanzu ana kiran dandalin da sunan wannan rijiya.

3.0 Asali da Bunƙasa

Kafin zuwan Rumawa, mutanen da ake kira Eturuskawa sun zauna a wannan tudu. Sunan garin kuwa ya samo asali ne daga wani limamin Kirista na birnin Modena mai suna Jiminyano. Abin da ya ɗaga garin shi ne hanyar da ake kira Biya Faranchijena, wadda masu ziyarar ibada daga Ingila da Faransa suke bi zuwa Rum. A shekarar 990, babban limamin Kantabiri, Sigerik, ya rubuta zangunan da ya sauka a hanyarsa ta komawa gida daga Rum, kuma San Jiminyano yana cikinsu.

Duk inda matafiya suke yada zango, kasuwa takan buɗe. Mutanen garin suka kafa masaukai, suka shiga fataucin za'afaran da ruwan inabi, wasu kuma suka riƙa ba da rance da ruwa. A 1199 garin ya fita daga ƙarƙashin limaman Bolterra, ya fara mulkin kansa.

4.0 Hasumiyoyi da Rikicin Gidaje

Attajiran garin sun riƙa gina hasumiyoyi a jikin gidajensu, don su zama mafaka ranar faɗa, kuma shaidar cewa mai gidan ya isa. A lokacin da abin ya kai ƙololuwa, an ƙiyasta sun kai 72. Gasar ta yi yawa har hukumar gari ta kafa doka a 1255 cewa kada kowa ya gina wadda ta fi hasumiyar gidan hukuma, mai suna Ronyosa, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 51. Daga baya hukumar da kanta ta gina Torre Girossa, mai mita 54, aka gama ta a 1311.

Gasar ba ta tsaya ga gini ba. Gidan Ardingeli suna goyon bayan Fafaroma, gidan Salbuchi kuma suna tare da sarkin daular Jamus, suka daɗe suna zubar da jinin juna. A 1300 Fulorans ta aiko da mawaƙi Dante a matsayin jakada domin ya ƙarfafa ƙawancen garin da ɓangaren Fafaroma.

5.0 Faɗuwa

A 1348 baƙar annobar da ta game Turai ta shiga garin, ta kashe kusan rabin jama'arsa. Rauni ya haɗu da rashin haɗin kai, sai garin ya miƙa wuya ga Fulorans a 1353. Bayan haka hanyar matafiya ta koma ƙasan kwari, ta Pojibonsi, aka bar San Jiminyano a kan tudunsa ba baƙi ba ciniki. Daga mutum kimanin 13,000 a farkon ƙarni na 14, jama'ar ta ragu zuwa kimanin 3,000 a ƙarshen ƙarni na 15. Hasumiyoyi da yawa suka rushe, wasu aka rage tsayinsu.

6.0 Kammalawa

Wannan talauci shi ne ya adana garin. Biranen da suka ci gaba da samun kuɗi, irin su Fulorans, sun rushe ko sun gajarta yawancin hasumiyoyinsu, suka yi sababbin gine-gine. San Jiminyano bai sami kuɗin yin haka ba, shi ya sa ganuwarsa da titunansa da hasumiyoyi 14 suka rage. A 1990 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A yau yawon buɗe ido ne babban abin dogaron mazaunansa, tare da noman inabi da za'afaran ɗin da kakanninsu suka yi fatauci da shi.