Yawan taku da tazararsa a atisayen hawan tudu

Saurin mai gudun dogon zango ya dogara ne kan abu biyu: yawan takun da yake yi a minti ɗaya, da tazarar da ke tsakanin taku da taku. Wanda ke yin taku 170 a minti, kowanne mita ɗaya da rabi, yana cin mita 255 a minti. A kan tudu tilas ɗaya daga cikin biyun ya sauya, kuma masu horarwa sun fi son a rage tazara a riƙe yawan takun.

Adadin 180

A gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, wani mai horarwa ɗan Amurka, Jack Daniels, ya ƙirga takun manyan 'yan gudu, ya tarar kusan dukansu suna yin 180 ko fiye a minti. Daga nan adadin ya yi suna. Sai dai zakaru ya ƙirga, suna tsakiyar gasa. Dogon mutum, ko mai gudu a hankali, yakan yi ƙasa da haka ba tare da matsala ba. Don sanin nasa, mutum ya ƙirga sau nawa ƙafarsa ta dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ya ninka sau huɗu.

Lokacin hawa

A hawa, kowane taku yana ɗaga nauyin jiki sama, don haka aikin yana komawa kan tsokokin ɗuwawu, cinya da sha-raɓa. Mai neman riƙe doguwar tazarar da ya saba da ita a fili yakan ƙare numfashinsa tun kafin rabin tudu. Gajeren taku mai sauri yana raba aikin kashi-kashi. Ƙafa tana sauka ƙarƙashin jiki, galibi a kan gaban tafi ko tsakiyarsa. Jiki ya ɗan karkata gaba daga idon sawu. Lanƙwasawa daga ƙugu tana matse ƙirji. Ido na kallon gaba, hannuwa na kaɗawa daidai da takun.

Lokacin gangara

An fi samun rauni a nan. Gangara tana jan mutum ya miƙa ƙafa can gaba ya sauka a kan diddige, gwiwa a miƙe. Kowane irin wannan taku birki ne, kuma tsokar gaban cinya da gwiwa ke ɗaukar dukan. Shi ya sa cinya kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu bayan doguwar gangara. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari yana rage nauyin da ke sauka a kan gwiwa.

Inda aka ga amfaninsa

Arthur Lydiard na New Zealand ya ware makonni na musamman don atisayen tudu, kuma ɗalibansa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, sun ci zinare a Rum a 1960. A Habasha, garin Bekoji mai tuddai ya fitar da Derartu Tulu, Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. A Kenya akwai Iten, mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku. A Kamaru, tseren da ake yi kowace shekara daga Buea zuwa ƙolin dutsen Kamaru a dawo yana gwada hawa da gangara a rana ɗaya.

Yadda ake farawa

Sabon shiga ya nemi tudu marar tsauri, ya ɗumama jiki, ya hau na daƙiƙa 30 zuwa 60, ya sauko da tafiya, ya maimaita kamar sau shida. Sau ɗaya a mako ya isa da farko. Inda babu tudu, hawan gada ko matattakalar filin wasa na iya maye gurbinsa. Idan agara ko gwiwa ta fara ciwo, a dakata har ta warke.