Tarihin Akurki da Haƙƙin Maƙwabci a Jalingo

A ƙarshen kakar bana, bayan sallar Isha'i, aka kawo mana wata magana a ƙofar masallaci. Gidaje biyu ne, katanga ɗaya ta raba su. Uwargidan wannan gida ta baza shanyar masara, kajin wancan gida suka tsallako suka yi ɓarna. Sau uku ana aikawa da magana ba a ga canji ba. Rana ta huɗu aka wayi gari kaji bakwai sun mutu, an zuba musu hatsi haɗe da maganin ɓera. Mai kajin mijinta ya rasu, da su take biyan kuɗin makarantar marayunta. Cikin kuka ta ce mana: "Malam, tun muna yara kaza yawo take yi. Yaushe aka fara kulle ta?" Tambayar nan tana da tarihi, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Garin nan da muke zaune ba tsoho ba ne can-can. Masarautar Muri ta kafu a 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe. Jalingo kuwa sai a 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta a matsayin sansani, bayan yaƙin Kona da ya yi tare da taimakon wani sojan Faransa mai suna Mizon. Da gari ya zauna, sai kakanninmu suka riƙa zuwa daga Kano da Katsina da Bauchi, wasu ta ƙasa wasu ta mashigin Lau a bakin Binuwai. Akwai fatake, akwai mahauta, akwai maɗinka da almajirai. Aka nuna musu wuri suka yi sheƙa, a tsakanin Fulani da Mumuye da mutanen Kona.

Gidan wancan zamani da zana ake kewaye shi, ko dangar kara. Bayan kowane gida akwai ɗan fili na masara da kuɓewa da yakuwa, gaba da shi kuma sai jeji. Kaza ba ta buƙatar komai daga uwargida sai ɗan tsaki da dusa idan an yi surfe. Da safe a buɗe akurki, ta fita ta yi tonon gara da tsutsa, da magariba ta dawo da ƙafarta, a tura dutse a bakin akurki saboda muzuru. Idan aka sayo sabuwa, sai a ɗaure mata ƙafa kwana biyu ko uku har ta san gida. Kowace mace tana da shaidarta: wata ta ɗaura ƙyalle a fiffike, wata ta shafa shuni. Abin tsoro a lokacin shirwa ce mai ɗauke 'yan tsaki, ba maƙwabci ba. In kaza ta shiga gidan wani, iyakaci a ce "kss!" a kora ta, domin shi ma tasa tana gidan wani.

Wannan tsari na sakin rana da kullen dare ya yi daidai da abin da muka karanta a Islamiyya. A Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, an ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana kan tumakin da suka shiga gona da dare. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azibu da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya yanke cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk almajirin unguwar nan ya taɓa riƙewa, ita ma a kan haka ta tafi.

To amma a kan kaza kanta, malaman Malikiyya sun yi saɓani tun da daɗewa. Asbagu, malamin Masar, ya sanya kaji da tattabaru da ƙudan zuma cikin hukuncin sauran dabbobi: ba a hana mai su ajiye su, masu gona su tsare gonarsu. Muɗarrif, malamin Madina, ya ga cewa abin da ba a iya tsare kai daga gare shi, idan yana cutar da mutane, to a hana mai shi. Kun ga ke nan, gardamar da muke yi yau a bakin katanga an yi ta sama da shekara dubu da ta wuce. Kakanninmu sun rayu a kan magana ta farko saboda fili ya wadace su.

Mai duba-gari ne ya fara taɓa wannan tsari. Tun zamanin En'e dattawanmu ke ba da labarin yadda yake shiga gida ya leƙa randa, ya duba kwata da bayan ɗaki, in ya ga ƙazanta ya kai mai gida gaba. A lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, aka sake matsa wa mutane kan tsaftar gari. Sai dai duk wannan bai kai ga hana kaza yawo ba.

Babban canji ya zo ne ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Babangida ta cire Jihar Taraba daga Gongola ta mai da Jalingo babban birni. Ma'aikata suka taso daga Yola, kowa na neman ɗakin haya. Mu da muke da shago a kasuwa mun ga yadda cinikin siminti da kwano ya buɗe. Filin masarar bayan gida aka yanka shi fuloti, zana ta koma bulo, gida ɗaya ya zama na iyali biyar ko shida. Da aka buɗe Jami'ar Jihar Taraba a 2008 cunkoso ya ƙaru. Kaza kuwa tana nan da halinta na tono. Da ba ta sami jeji ba sai ta sami shanyar maƙwabciya, da tukunyar miya, da tabarmar salla.

Cuta ma ta koya mana darasi. Duk hunturu mun saba ganin annobar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda ke share kajin layi guda cikin 'yan kwanaki, domin mai yawo ita ke kai wa na gida. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Wannan shekara cinikin kaza da ƙwai ya faɗi, jami'ai suka yi ta kira a rediyo cewa a killace kaji, a raba su da wurin kwanan yara. A lokacin ne da yawa a unguwar nan suka fara sanin raga ta waya.

Don haka amsarmu ga baiwar Allah nan ita ce: ba wanda ya sa rana ya ce a kulle kaza, fili ne ya ƙare a hankali har hukunci ya juya. Hadisin taguwa yana maganar gona da makiyaya ne, inda aka saba sakin dabba da rana. Tsakar gidan mutum ba makiyaya ba ce, kuma ba za a ce wa mace ta bar girki ta tsaya gadin shanya daga safe zuwa la'asar ba. A irin zamanmu na yau, maganar Muɗarrif ta fi kusa da mu. Haka nan wanda ya zuba guba ya yi zalunci, ya ɓata dukiyar marayu, ya kuma sa ran yara a haɗari, tun da ba ya da tabbacin inda mushen zai ƙare. Mun sa gidan sun biya kaji bakwai, mai kajin kuma ta biya kwano biyu na masara.

Ba muna cewa a daina kiwo ba ne. Kaza ita ce asusun mata: ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, cikin 'yan watanni an sami na sabulu, na suna, da na tarbar baƙo. Abin da muke roƙo kaɗan ne. A kewaye kusurwa ɗaya ta gida da raga ko zana, a sa inuwa da ruwa da ɗan yashi na birgima. A rage gashin fiffike ɗaya, ba ya yi mata ciwo, yana dai hana ta hawa katanga. Wadda aka kulle ba ta da gara, sai a haɗa mata dusa da ganye da ragowar tuwo. A yi allurar rigakafi kafin sanyi ya shigo. Cibiyar Vom ta Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana yin ta, a tambayi ma'aikatan dabbobi. In kuma an yi ɓarna, a je wurin mai unguwa ko liman kafin a je wurin mai maganin ɓera.

Kakanninmu baƙi suka zo garin nan, kyakkyawar maƙwabtaka ce ta sa aka ba su wurin zama. Kada mu bari kaza ta tono mana abin da zai raba mu da wanda zai fara zuwa idan gobara ta tashi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.