Kwanon Rufi: Me Ya Sa Na Kakanni Ya Fi Ƙarko?

Duk wanda ya taɓa hawa tudun Mapo ya dubi Ibadan, abin da zai fara cika masa ido shi ne rufin kwano ja wur da tsatsa, iyakar ganinsa. Baƙo kan ce tsufa ne da talauci. Amma a tambayi kafintocin Sabo: da yawa daga cikin tsofaffin kwanukan nan har yau suna tare ruwa, alhali wani da aka buga shekaran jiya ya fara yoyo. To, ina sirrin yake?

Labarin ya faro ne daga Turai. A 1829 wani injiniya a Landan, Henry Palmer, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari, don ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Sai dai ƙarfe tsirara ba ya shiri da ruwa. A 1837 Stanislas Sorel na Faransa ya yi rajistar tasa dabarar: a wanke ƙarfe tas, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya, wadda zafinta kan kai wajen digiri 450, ya fito sanye da riga. Haɗuwar dabarun nan biyu ita ta haifi kwanon rufi.

Jiragen ruwa suka riƙa sauke shi a Legas. Da layin dogo ya iso Ibadan a 1901, sai kawo shi ya yi sauƙi, kuɗin koko kuma ya ba mutanen ƙasar nan halin saye. Kafin nan rufin ciyawa ake yi, gobara ɗaya da rani sai ta lashe unguwa.

A wannan zamani ne kakanninmu, fataken goro da shanu, suka yawaita a nan, har aka keɓe musu Sabo a 1916. Can gida sun saba da soro: azara da ƙasa, da indararo mai zubar da ruwa. Amma soro na ƙasar da damina gajera ce. A nan kuwa ruwa kan faro tun Maris ya kai Oktoba, rufin ƙasa ba zai jure ba. Saboda haka sannu a hankali mai hali ya koma kwano. Kuma wanda ya zuba kuɗinsa ya rufa kwano, ai ya gaya wa kowa cewa ba ci-rani ya zo ba, zama ya zo.

Yanzu ga yadda tutiya ke aikinta. Na farko, idan ta sha iska da raɓa sai ta yi wata fata toka-toka wadda ke rage saurin cinyewarta. Wato dushewar sabon kwano ba lalacewa ba ce. Na biyu, ko an ƙarce kwano har ƙarfe ya leƙo, tutiyar da ke gefen ita ke fara cinyewa, ta fanshi ƙarfen. Sai ta ƙare sannan jar tsatsa ke samun shiga. Ke nan rayuwar kwano tana ga kaurin rigarsa, sannan kaurin ƙarfen da ke ciki. Na kakanni ya ƙarar da tutiyarsa bayan shekaru masu yawa, ga shi kuma da kauri, shi ya sa tsatsa ta daɗe tana ci ba ta huda shi ba.

Wuri ma yana da nasa hukunci. Kwano iri ɗaya zai fi daɗewa a busasshiyar iskar Kano a kan Ibadan, na Ibadan kuma ya fi na 'yan'uwanmu da ke Legas, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Hayaƙin masana'antu, da ganyen da ya taru ya riƙe laima, da ƙusa marar tutiya, duk suna rage masa kwana. Hatta sabon bandir, in aka jibge shi a tsakar gida ruwa ya shiga tsakanin fallayen, farar tsatsa za ta kama shi tun bai hau sama ba.

Abin da ya sa na kawo tarihin nan shi ne, yau kasuwa cike take da kwano mai ƙyalli wanda ya kusa zama takarda. Maigida, da kai hajiya mai gina ɗakunan haya, da ku 'yan kwamitin masallaci: kuɗin rufi ba kuɗin wasa ba ne, wani ma adashin shekara ne. Kada ƙyalli ya ruɗe ku. Ku je da kafintan da kuka yarda da shi, ku tambayi geji, ku ɗaga bandir ku ji nauyinsa, ku sayi ƙusar da ta dace. In an buga, a riƙa share ganye kafin damina, a shafa fenti tun tsatsa ba ta yi nisa ba. Araha dai ba ta ado.

Kakanni sun bar mana rufin da muka girma a ƙarƙashinsa. Allah Ya jiƙansu, mu kuma Ya ba mu ikon bar wa 'ya'yanmu irinsa.